Aiki Tare da Wanda Ba Naka Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tafiya da Kowa a Wurin Aiki

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin gwamnati, ko asibiti, ko banki, ko masana'anta a ƙasar nan, ya san kalmomin nan guda biyu: 'yan mowa da 'yan bora. Ba a rubuta su a takardar ɗaukar aiki, amma kowa ya san layin da yake. Ga wasu tambayoyi da ma'aikata da shugabanninsu suka saba yi kan wannan al'amari, da amsoshin da nake ganin sun dace.

Me ake nufi da bambancin ma'aikata, me kuma ake nufi da tafiya da kowa?

Abu biyu ne, kuma a wurin haɗa su ake yin kuskure. Na farko lissafi ne: mutum nawa ne 'yan jiha kaza, mata nawa, Musulmi nawa, Kirista nawa, matasa nawa, masu buƙata ta musamman nawa. Wannan ana iya ƙirga shi a kan takarda. Na biyu shi ne abin da ke faruwa bayan an ɗauki mutum ya kama aiki. Ana kiransa taro? In ya yi magana ana saurare? Labarin kwas ko ƙarin girma yana isa kunnensa a kan lokaci, ko sai an gama rabo? In ya yi kuskure, hukuncin da ake yi masa daidai yake da na ɗan garin oga?

Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ɗaukar mutum aiki shimfiɗar tabarma ce kawai. Ofisoshi da yawa sun cika sharaɗin lissafi, amma in ka shiga ciki sai ka tarar kowane ɓangare ya ware da teburinsa da hirarsa da shugaban da yake kai wa ƙara.

Wannan ba aƙidar Turawa ba ce da kamfanonin waje suka shigo mana da ita?

A'a. Nijeriya ta fara kokawa da wannan matsala tun kafin kamfanonin Amurka su mayar da ita abin yayi. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauki manufar Arewantar da aikin gwamnati, domin ilimin boko ya riga ya yi nisa a Kudu, kuma 'yan Arewa kaɗan ne a manyan kujeru. A 1961 aka sa ƙa'idar rabo a ɗaukar hafsoshin soja: rabi daga Arewa, kashi 25 cikin ɗari daga Gabas, kashi 25 daga Yamma. Bayan yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, don ɗan Sakkwato ya yi aiki a Kalaba, ɗan Inugu ya yi a Katsina. A watan Oktoba na 1975 Janar Murtala Muhammad ya ɗora wa kwamitin rubuta tsarin mulki batun raba daidai, wato raba muƙaman gwamnati tsakanin jihohi da ƙabilu, ya shiga tsarin mulkin 1979, aka kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya da doka a 1996.

Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya ce a tsara gwamnatin tarayya da hukumominta yadda 'yan wasu jihohi ƙalilan ko wasu ƙabilu ba za su mamaye ba. Abin lura shi ne dalilin da sashen ya bayar: haɗin kan ƙasa da samun biyayyar jama'a gare ta. Wato waɗanda suka rubuta shi sun gane cewa mutum ba ya ba da zuciyarsa ga wurin da yake ganin ba shi da rabo a ciki. Abin da ya shafi ƙasa a nan, shi ne ya shafi ƙaramin ofis.

To mene ne haɗin wannan da riƙon aiki da zuciya ɗaya?

Wasu masana biyu a Kanada, John Meyer da Natalie Allen, sun bayyana a 1991 cewa abu uku ne ke riƙe ma'aikaci a wurin aikinsa. Akwai wanda ya zauna don yana son wurin, yana jin nasa ne. Akwai wanda ya zauna don yana ganin akwai nauyi a kansa, wataƙila an tura shi karatu ko an rufa masa asiri lokacin da ya shiga wani hali. Akwai kuma wanda ya zauna don ba shi da inda za shi. Na farkon shi ne wanda aikinsa ya fi kyau, ya fi zuwa a kan lokaci, ya fi taimakon abokin aiki ba tare da an sa shi ba.

A ƙasarmu na ukun ne ya fi ruɗar shugabanni. Aiki ya yi wuya, iyali suna jira, ga fansho a gaba, saboda haka wanda aka mayar saniyar ware ba ya ajiye aiki. Yana nan a kujerarsa shekara goma sha biyar. Sai oga ya duba ya ce ai ba wanda ya tafi, kowa na jin daɗi. Alhali mutumin ya daɗe da tafiya, gangar jiki ce kawai ke sa hannu a rajista. Zai ga kuskure a fayil ya yi shiru. Zai ga hanyar da za a rage asara ya ce ba gonar ubansa ba ce. Aikin ganin ido da muke kuka da shi, ba duka ne lalaci ba. Wani ɓangarensa martani ne na mutumin da ya ga an ba ƙaninsa a aiki kujerar da ya cancanta, don kawai wancan yana da uwa a gindin murhu.

Akwai hujja cewa cakuɗa mutane daban-daban yana ƙara kyawun aiki, ko dai fatar baki ce?

Akwai, kuma ɗaya daga cikinta a nan gida aka samo ta. Masu bincike biyu, Imran Rasul da Daniel Rogger, sun bi diddigin ayyukan gwamnatin tarayyar Nijeriya kimanin 4,700, irin su rijiyoyin burtsatse da gine-gine da hanyoyi, a hukumomi 63, tare da rahotannin injiniyoyin da suka je suka duba ko an kammala. A sakamakon da suka fitar a 2015, hukumomin da ma'aikatansu suka fi cakuɗuwa ta fuskar ƙabila sun fi kammala ayyukansu. Wannan bai tabbatar da cewa cakuɗar ce kaɗai sanadi ba, amma ya karya zancen masu cewa da zarar an haɗa ƙabilu aiki ya tsaya.

Sai dai gaskiya ba ta ƙare a nan ba. A Kenya, wani masani mai suna Jonas Hjort ya yi nazari a wata masana'antar shirya furannin da ake kaiwa Turai. Ma'aikata suna aiki uku-uku: mutum ɗaya yana miƙo furanni, biyu suna ɗaurewa, kuma ana biyan kowa gwargwadon abin da ya fita. Sai aka ga mai miƙowa yana fifita ɗan ƙabilarsa, yana rage wa ɗayan, duk da cewa hakan yana rage nasa kuɗin. Rukunin da aka cakuɗa sun gaza waɗanda ƙabilarsu ɗaya. Da rikicin zaɓen Disamba na 2007 ya ɓarke tsakanin ɓangaren ƙabilar Kikuyu da na ƙabilar Luo, sai giɓin ya ƙara faɗi, alhali mutanen su ne dai na jiya, furannin ma su ne.

Haka nan za ka ji ana yawan ambaton rahoton kamfanin McKinsey na 2015, wanda ya ce kamfanonin da shugabanninsu suka fi cakuɗuwa sun fi samun riba. Ina ba da shawara a yi taka-tsantsan da shi, domin wasu masanan da suka gwada maimaita lissafin a kan manyan kamfanonin Amurka ba su samu wannan sakamako ba. Ba sai mun jingina da shi ba.

In haka ne, me ke sa cakuɗa ta gyara wani wuri ta ɓata wani?

Labarin Kenya yana da ƙarashe, kuma shi ne ya fi amfani. Da masu masana'antar suka ga asara, sai suka sauya tsarin biya: masu ɗaurewa biyun aka riƙa biyansu a kan jimillar abin da suka fitar tare. Fifita ɗaya a kan ɗaya ya daina amfanar kowa, sai aikin rukunin da masu ɗaurewarsu ba ƙabila ɗaya ba ya farfaɗo. Ba wa'azi aka yi musu ba, ba a kuma sauya zukatansu ba. An sauya abin da ake saka wa mutum a kai ne.

Abu na biyu shi ne ko mutum yana iya buɗe baki ba tare da tsoro ba. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi nazari a asibitoci tana tsammanin rukunin ma'aikatan jinya mafi ƙwarewa su ne za a samu da ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta tarar su ne suka fi kawo rahoton kuskure, don a wurinsu ba a tsoron faɗa. Amfanin tara mutane daban-daban shi ne kowa yana ganin abin da wani bai gani ba. Nas ɗin da ta tashi a ƙauye ta san dalilin da ya sa mace ba za ta zo awo ba sai da izinin mijinta, ta kuma san da wa za a yi magana. Ma'aikacin banki ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san yadda ake ba da kaya bashi a kan amana. Amma in nas ɗin ta san cewa da ta yi magana za a ce ta cika rawar kai, ilimin nata ya mutu a cikinta. An biya ta albashi, an yi asarar abin da ya sa ɗaukarta ke da amfani.

Tsarin raba daidai ba ya kashe cancanta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zafi, kuma ba daidai ba ne a share ta. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ita ce kada 'yan kowace jiha su gaza kashi 2.5 ko su wuce kashi 3 cikin ɗari na ma'aikatan hukuma, Abuja kuma kashi 1. Ƙa'idar ba ta ce a ɗauki wanda bai iya ba. Abin da take nufi shi ne a ɗauki mafi cancanta daga kowace jiha, kuma babu jihar da ta rasa haziƙai.

Inda ɓarnar take shi ne hanyar cike gurbin. Ba a tallata aiki ba, ba a yi jarrabawa ba, sai a raba guraben a tsakanin manya, kowa ya kawo ɗansa ko ɗan abokinsa, a rubuta sunan jiha a gefe. Ɗan talakan da ya fito da sakamako mai kyau daga wannan jihar bai ma ji labari ba. Wannan ba raba daidai ba ne, "wa ka sani" ne ya sa rigar raba daidai. Kuma yana cutar da mutum biyu: wanda aka hana, da kuma haziƙin ɗan Arewa da ya shiga da guminsa, amma kullum ana kallonsa a matsayin wanda aka yi wa alfarma. Na sha ganin irin wannan ma'aikaci yana ninka ƙoƙari don ya wanke kansa daga zargin da ba shi ya jawo ba, kuma abin yana ci mini rai. Maganinsa a buɗe ƙofa: a tallata, a yi jarrabawa ɗaya, a fitar da maki kowa ya gani.

An haife ni a jihar da ba ta kakannina ba. Me ya sa takardar shaidar asali take hana ni aiki?

Domin tsarinmu yana bin asalin iyaye da kakanni, ba inda aka haife ka ko inda kake biyan haraji ba. Bahaushen da aka haifa a Jos ko Shagamu, da ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, matsalarsu iri ɗaya ce: a inda suka tashi baƙi ne, a inda aka ce nasu ne ba a san su ba. A 2011 gwamnatin jihar Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, ciki har da 'yan jihohin da ke maƙwabtaka da ita. A 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda asalinta Anambara ne amma ta shiga da gurbin Abiya, jihar mijinta, inda ta yi shekaru tana aiki, kafin daga baya a rantsar da ita.

Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko wurin asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa. Amma a aikace, malamin makarantar da ya yi shekara ashirin a kan kwantiragi don ba ɗan jiha ba ne, yana kallon ɗalibansa suna zama shugabanninsa, da wace zuciya ake so ya shiga aji?

Laifi ne mu yi Hausa a ofis in akwai wanda ba ya ji?

Hira da harshenka ba laifi ba ce, kuma a asibiti ko banki a Arewa jin Hausa ƙwarewa ce da ya kamata a saka wa mai ita. Matsalar tana zuwa ne a wurin yanke shawara. Ana cikin taro da Turanci, da an zo kan magana mai muhimmanci sai mutum uku su juya harshe, su gama, su dawo su ce an amince. Wanda ya taɓa aiki a Legas ko Fatakwal aka yi masa haka da Yarbanci ko wani harshe, ya san yadda abin yake a zuciya. Ƙa'ida mai sauƙi: duk maganar da za ta shafi aikin mutum, a yi ta da harshen da yake ji. In kuma baƙo ya nuna sha'awar koyon Hausa, a koya masa da sakin fuska, kada a mayar da kuskurensa abin dariya.

Addini fa? Sallar Juma'a, hijabi, azumi, zuwa coci?

A nan ma'auni ɗaya nake amfani da shi: abin da ka nema wa kanka, ka yarda a ba waninka. In an tsara aiki yadda Musulmi zai tafi masallacin Juma'a, a tsara jadawalin kwana da na ƙarshen mako yadda Kirista zai samu Lahadinsa. A asibitoci da yawa ma'aikata da kansu suka warware wannan tun da daɗewa: Kirista ya riƙe aiki ranar Sallah, Musulmi ya riƙe ranar Kirsimeti. Shugaba mai hankali ya mayar da wannan tsari rubutacce, kada ya bar shi ya zama alfarmar da ake roƙa. Kada a sa taro mai muhimmanci ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Juma'a, kada a mayar da walimar ofis wurin da mai azumi ko wanda ba ya shan giya zai ji shi bare ne. In za a buɗe taro da addu'a a wurin da ake cakuɗe, a ba kowane ɓangare.

Batun sutura ya kai har kotu. A Disamba 2017 an hana Firdaus Amasa shiga bikin rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda hijabinta, aka rantsar da ita da shi a Yulin 2018. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin ɗalibai mata na sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. In ba dalilin tsaro ko tsabta ba, kamar ɗakin tiyata ko kusa da injin da ke juyawa, hana mace aiki don ɗankwalinta asarar ma'aikaciya ce kawai.

Akwai wani bincike da aka yi a Kaduna da ya kamata kowane shugaba ya sani. Alexandra Scacco da Shana Warren sun sa samari Musulmi da Kirista cikin kwas ɗin koyon kwamfuta na mako 16, wasu a aji cakuɗe, wasu a aji na addini ɗaya. A sakamakon da aka buga a 2018, ra'ayin samarin game da juna bai sauya ba. Amma da aka zo rabon kuɗi a gwaji, 'yan ajin da aka cakuɗa sun fi yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba fiye da 'yan ajin da aka ware. Darasin da na ɗauka: ba sai ma'aikata sun ƙaunaci juna ba kafin su yi wa juna adalci, kuma ware mutane su kaɗai yana ƙara musu son kai.

Wasu suna cewa ɗaukar mace asara ce, don aure da haihuwa za su ɗauke ta. Me doka ta ce?

Dokar ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ba a yarda a sallame ta tana cikin wannan hutu ba. Jihohin Legas da Kaduna sun kai hutun ma'aikatansu wata shida, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu. A Janairun 2023 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Akure ta ce ƙa'idar 'yan sanda ta korar 'yar sandar da ta yi ciki ba aure nuna bambanci ne, tunda ba a yi wa namiji haka.

Amma bar batun doka. A Arewa muna kukan rashin likitoci mata, da ungozoma, da malamai mata a makarantun 'yan mata. Mata da yawa sun gwammace su haƙura da ciwo da namiji ya duba su. In muka kori ƙalilan ɗin da suka yi karatu ta hanyar tura su aiki nesa da iyali ba shawara, ko hana su ƙarin girma don sun je haihuwa, ko kawar da kai in wani babba yana damunsu da maganar banza, matanmu da 'ya'yanmu ne za su rasa mai duba su. Wata uku na hutu ba komai ba ne a cikin shekara talatin da biyar na aiki. Macen da aka riƙe da mutunci lokacin goyonta, da wuya ta manta.

Masu buƙata ta musamman fa?

Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci a Janairun 2019. Ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a hukumomin gwamnati, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma har yau ofisoshi nawa ne mai keken guragu zai shiga ba a ɗauke shi ba? Mun saba ganin makaho da gurgu a matsayin wanda ake ba sadaka, shi ya sa ko an ɗauke shi aiki sai a ajiye shi ba a ba shi komai, a ce ya zo ƙarshen wata. Wannan ba tausayi ba ne, tauye shi ne. Makaho yana aiki da kwamfuta mai karanta rubutu da murya. Kurma yana buƙatar a rubuta masa abin da aka yanke a taro. Sau da yawa gyaran bai wuce a sauko da teburin mutum ƙasan bene ba.

Mun shirya wa ma'aikata bita kan zaman tare. Hakan ya isa?

Bai isa ba. Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun duba bayanan kamfanonin Amurka sama da 800 na kusan shekara talatin, suka ga bitar dole ba ta ƙara yawan mata da baƙaƙen fata a kujerun shugabanci, wani lokaci ma tana jawo ƙyashi. Abin da ya yi aiki shi ne haɗa ƙaramin ma'aikaci da babba mai ja masa gora, da zagaya ma'aikata sassa daban-daban, da ɗora wa wasu shugabanni alhakin bin lissafi suna kawo rahoto. Jan gora ɗin nan mun san shi, shi ne ubangida. Illarsa a wurinmu ita ce kowa ɗan garinsu yake ɗauka. Sai ofis da kansa ya riƙa haɗa su, yadda wanda ba shi da kowa zai samu mai nuna masa hanya.

Ina da ƙaramin kamfani, yara goma sha biyu, yawancinsu 'yan uwa ne. Na yi laifi?

Ba ka yi laifi ba, Alhaji. Dokar raba daidai hukumomin gwamnati ta shafa, kuma taimakon dangi abin yabo ne. Kasuwancin Hausawa tun zamanin fatake a kan amana da sanayya ya ginu. Amma ka duba abu ɗaya: in ɗan yayarka ya makara ko kuɗi suka yi giɓi a hannunsa, abin da kake yi masa shi kake yi wa yaron da ba naka ba? In akawunka bare ne kuma ya san komai ƙoƙarinsa ba zai wuce inda yake ba, ranar da ya samu wani wuri zai tafi da duk abin da ya koya a wurinka, wataƙila har da abokan cinikinka. Ka sa albashi da lokacin zuwa da hukunci su zama ɗaya ga kowa, ka kuma bar bare ya ga cewa akwai matakin da zai taka.

An nuna mini bambanci a wurin aiki. Ina zan dosa?

Fara da rubutu. Ranar da abin ya faru, abin da aka faɗa, waɗanda ke wurin, da kwafin duk wata takarda. Ka kai kuka a rubuce ta hanyar da ofis ya tanada, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa, ka sanar da ƙungiyarku ta ƙwadago. In ba a yi komai ba, akwai Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, kuma ba a biyan kuɗi a kai musu kuka. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ikon sauraron ƙarar nuna bambanci da cin zarafi a wurin aiki, tana da rassa a Kano da Kaduna da Jos da Abuja da wasu biranen. Tana kuma iya amfani da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Nijeriya ta amince da su, kamar ta 111 kan nuna bambanci. Akwai kuma dokar 2014 da ta hana korar mutum ko ƙin ɗaukarsa don yana ɗauke da cutar ƙanjamau. Kada ka jinkirta neman shawarar lauya, domin wasu ƙararrakin suna da wa'adi.

Ni shugaba ne, kuma ina ganin ina adalci. Ta yaya zan tabbatar?

Kada ka tambayi na kusa da kai, za su ce maka komai lafiya. Ɗauko fayil. Duba sunayen waɗanda aka tura kwas ko tafiya mai alawus a shekara uku da suka wuce. Duba wa aka ba takardar tuhuma, da laifin da ya yi, ka ga ko akwai wanda ya yi irinsa ba a ce masa komai ba. Duba wa aka tura ƙauye, wa ya daɗe a hedikwata. Duba wa ya fi daɗewa a mataki ɗaya. A taro na gaba, ka riƙe biro ka yi alama duk lokacin da wani ya yi magana, ka ga su wa ba su ce uffan ba daga farko har ƙarshe. Sannan ka lura da waɗanda ke shigowa ofishinka ba sallama su zauna shan shayi, domin sau da yawa a nan ake gama rabo kafin a shiga ɗakin taro. In sunayen da ke fitowa a jerin alheri duk masallacinku ɗaya ko cocinku ɗaya ko garinku ɗaya, kira ɗaya daga cikin waɗanda ba su fito ba, ka rufe ƙofa, ka tambaye shi abin da yake gani, ka bar shi ya gama magana kafin ka ce komai.